Gane Kurumta Tun Da Wuri: Abin Da Ake Yi A Jidda

Kurumta larura ce mai ɓoye kanta. Jaririn da ba ya ji yakan sha nono, ya yi dariya kamar kowane jariri, sai ya kai shekara biyu bai ce "baba" ba, sa'an nan hankalin iyaye ya tashi. Kafin nan kuwa an yi hasarar watannin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe.

A Jidda, birnin da alhazai suka sani ƙwarai, an kafa Cibiyar Magana da Ji a shekarar 1993, bisa ƙoƙarin wata baiwar Allah, Sultana Alireza. A 2016 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Sa'udiyya ta soma shirin gwada jin jarirai tun suna asibitin haihuwa.

Gwajin ba shi da zafi. Jariri yana barci za a sa masa wata 'yar na'ura a bakin kunne, ta aika da sauti a hankali. Kunne mai lafiya yakan mayar da ɗan amo daga can ciki, wanda mutum ba ya iya ji amma na'ura tana kamawa. Wani masani, David Kemp, shi ya gano wannan a London a 1978. In amon bai dawo ba, ba a yanke hukunci nan take, domin sau da yawa ruwan haihuwa ne ya toshe kunnen. Sai a sake, a kuma manna wayoyi a kan jaririn don a ga ko saƙon yana isa ƙwaƙwalwa. Abin da ake so shi ne a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6.

Babba kuwa, likita yakan fara leƙa kunnensa da fitila, ko dauɗa ce, ko mugunya, ko dodon kunne ya huje. Daga nan a auna ƙarfin sautin da yake iya ji, da ma'aunin da ake kira desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 430 ne jinsu ya ragu har suna bukatar taimako.

Wannan magana ta shafi ƙasar Hausa ta fuska biyu. Auren zumunci, wanda ya yawaita a can kamar yadda ya yawaita a Sa'udiyya, yakan ƙara yiwuwar kurumta ta gado. Ga kuma sanƙarau, irin wanda ya auka wa arewacin Nijeriya a 1996. Yaron da ya tashi daga wannan ciwo ya kamata a gwada jinsa cikin 'yan makonni, ko da iyayensa sun ce garau yake.