Amsar Wasiƙa: Tsohon Faifan Ajiya Na Kamfani, A Saya Ko A Bari?

 Wasiƙar da muka ɗauko yau ta fito ne daga wani bawan Allah mai sana'ar hatsi a wajen Funtuwa. Bayan gaisuwa, ya ce wayarsa ta cika maƙil da hotunan takardun gona, da lissafin bashin da yake bin mutane, da bidiyon aurarrakin 'ya'yansa, da karatun tafsirin azumi na shekaru da dama. Ɗansa mai shagon caji ya gaya masa ana sayar da wasu manyan faya-fayan ajiya na kwamfuta a Kano, na hannu, waɗanda aka ciro daga manyan kamfanonin ƙasashen waje, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na sabo ba. Shi ne yake tambaya, a saya ko a bari?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ana saye, amma da sharuɗɗa, sai ka gyara zama.

Da farko bari mu san abin da ake magana a kai. Shi wannan faifai wani ɗan akwatin ƙarfe ne mai nauyi, girmansa kamar ƙaramin littafi. A cikinsa akwai faranti-faranti masu ƙyalli kamar madubi, a jere kan sanda guda, suna juyawa sau 7,200 a minti ɗaya. Akwai kuma wani siririn hannu da ke shawagi a kansu yana rubutu yana karatu, ba tare da ya taɓa su ba. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba, nesa ba kusa ba. Shi ya sa faifan ba ya son bugu, balle faɗuwa, musamman in yana cikin aiki. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irinsa a 1956, ƙato kamar firji biyu a haɗe, amma abin da yake ɗauka bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar yau ba. Yanzu kamfanoni uku ne kacal suka rage suna ƙera shi a duniya, wato Seagate da Western Digital da Toshiba. Na manyan ma'aikatu suna da sunansu daban: na Seagate Exos, na Western Digital Ultrastar, na Toshiba kuwa lambarsa kan fara da MG.

To me ya sa kamfani zai rabu da abu mai lafiya? Ka san hotunan da kuke sakawa a intanet ba a sama suke kwana ba. Akwai manyan ɗakuna masu sanyi, cike da dubban faya-fayai suna aiki dare da rana ba hutu. Bayan shekara uku zuwa biyar, garanti ya ƙare, an kuma fito da sababbi masu ɗaukar ninkin kaya a gurbi ɗaya da wuta ɗaya, sai a kwashe tsofaffin gaba ɗaya, mai ciwo da marar ciwo. Wasu kamfanonin farfasa su suke yi don kada sirrinsu ya fita. Wasu kuma su goge su tas, su sayar wa dillalai. Kamar tirelar kamfani ce da aka yi gwanjonta. An ƙera ta don wahala, ta fi ƙaramar mota ƙashi, amma fa ta ci hanya.

Kashi biyu ne ke shigowa kasuwa, kuma ya kamata ka bambance su. Akwai wanda ya koma hannun kamfanin da ya ƙera shi, aka sake gwada shi, aka liƙa masa sabuwar takarda mai nuna cewa na sake-tantancewa ne, aka ba shi ɗan garanti. Wannan ya fi kwanciyar rai. Akwai kuma wanda dillali ne kawai ya goge abin da ke ciki, ya share ƙura, ya sa a leda, ya ce an gyara. Kada kalmar gyara ta ruɗe ka. Babu mai buɗe faifan nan a shago ya gyara cikinsa, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta lalata shi. Manyan ma, tun daga 2013, an fara cika su da wata iska marar nauyi da ake kira hiliyam a liƙe su ruf, in ta fita shi ke nan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. In za ka sayi san huɗa, ba ka tsayawa ga maganar dillali, baki kake buɗewa ka duba haƙora. To shi ma faifai yana da haƙoransa. A cikinsa akwai wani lissafi da yake rubuta wa kansa, ana ce masa SMART. Akwai manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da ɗanka zai iya sa wa a kwamfuta. A haɗa faifan a gabanka kafin kuɗi su fita daga aljihu. In ta nuna shuɗi, alamar lafiya ce. In ruwan ɗorawa ne, ka ajiye musu kayansu. Ja kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka zuba masa komai.

Sannan a duba awoyin da ya yi a kunne. Shekara ɗaya awa 8,760 ce. Ke nan in ka ga awa 26,000, ya yi kamar shekara uku yana juyi, in ka ga 44,000 ya ba shekara biyar baya. Yawan awa shi kaɗai ba aibi ba ne, sai dai ya rage farashi. Abin da ya fi awa muhimmanci shi ne layuka uku a cikin jerin, masu lamba 05 da C5 da C6. Su ne ke faɗin ko wani wuri a jikin farantin ya fara ruɓewa. A duba ƙarshen kowane layi ta hannun dama, ana so a ga sifiri zalla. In akwai wani adadi, ko kaɗan ne, ka haƙura. Dillali zai ce maka ai ɗan kaɗan ne, ba komai. Haka ake cewa in an ga ƙwaro ɗaya a buhun wake.

Amma fa shi ma wannan lissafi ana yi masa maguɗi, kamar yadda ake juya mitar mota ta koma baya. A farkon 2025 wata kafar labaran kwamfuta ta Jamus mai suna Heise ta bankaɗo cewa ana sayar wa mutane faya-fayan Exos a matsayin sababbi fil, alhali sun yi dubban awoyi suna aiki, an dai goge musu lissafi ne. Kamfanin Seagate ya ce ba shi ya sayar da su a haka ba, daga hannun 'yan tsakiya suka fito. Abin da ya tona asirin shi ne wani littafi na biyu da faya-fayan Seagate ke riƙewa a ɓoye, mai suna FARM, wanda ake karantawa da manhajar smartmontools. In an yi wa Turawa haka a ƙasarsu, to ina ga kasuwar da ba a ba da rasit sai an roƙa? Don haka ka haɗa da idonka. A jikin takardar faifan akwai shekarar da aka ƙera shi. In takarda ta ce 2019, kwamfuta ta ce awa 10 kawai ya yi, kuma babu shaidar ya koma kamfani an sake tantance shi, to akwai lauje cikin naɗi. Dubi ramukan noti a gefe, dubi bakin da ake soka waya. Wanda aka taɓa ɗaurawa ba ya rasa tabo.

Ga wani tarko kuma da ya ci kuɗin mutane da yawa. Faya-fayan kamfani baki iri biyu gare su, SATA da SAS. Kwamfutar gida da akwatin USB da ake sa faifai a ciki, SATA suka sani. Mai bakin SAS ba zai yi maka aiki ba sai da wata na'ura ta daban, kuma sau da yawa shi ne ake karyarwa da araha har ka yi mamaki. An rubuta a jikin takarda, a karanta. In kuma ka juya shi, bakin SATA kashi biyu ne da ɗan giɓi a tsakani, na SAS kuwa a haɗe yake babu giɓi.

Sai maganar wuta, wadda a wurinmu ita ce uwa uba. Babban faifai ba ya tashi da wutar USB kaɗai, sai da adaftarsa mai bolt 12 a jikin soket. Shi kuwa ya saba da inda wuta ba ta ƙiftawa ko sau ɗaya a shekara. In Nepa ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, abin da ake zubawa na iya lalacewa. In aka dawo da ita da ƙarfi, ko ƙaramin janareta ya yi tari, allon da ke bayansa na iya ƙonewa. Mai sola da batir da inbata ya fi kowa dacewa. Wanda ba shi da su, ya nemi ɗan akwatin batir na kwamfuta, wato UPS, kada ya jona kai tsaye. Zafi ma haka. Masu ƙera shi sun yanka masa iyaka a digiri 60, amma ka san a watan Afrilu ɗaki mai rufin kwano ya riga ya haura 40 tun ba a kunna komai ba. Sai a nemi akwati mai fanka, a ɗora shi kan tebur mai ƙarfi inda iska ke ratsawa, ba kan katifa ba, ba kuma inda yara za su ja waya ba. Da hunturu a rufe shi da ƙyalle saboda ƙura, amma bayan an kashe. In ka ji yana ɗan ƙwanƙwasa jefi-jefi yana gurnani, halinsa ne, na kamfani sun fi na gida surutu. In kuwa ya kama ƙas-ƙas-ƙas a jere kuma kwamfuta ba ta gan shi ba, wannan kukan ajali ne.

Kafin ka biya, ku yi magana da mai kaya ya ba ka kwanaki na gwaji, a rubuta a rasit tare da lambar jikin faifan, don kada gobe a ce ba shi ba ne. Da an isa gida a yi masa cikakken fomat, ba na gaggawa ba, wanda zai bi faifan tun daga farko har ƙarshe. Mai tera 8 zai ci rabin yini ko fiye, saboda haka a zaɓi ranar da batir ya cika. In ya gama, a sake duba layukan nan uku. Af, kada kuma ka je ka kama mai shago da faɗa in an rubuta tera 8 kwamfuta ta nuna 7.27. Mudun kamfani da na kwamfuta ne suka bambanta, ba cuta ba ce. Mai tera 4 ma 3.63 yake nunawa.

To ko da ya ci duk wannan jarrabawa, zai mutu wata rana, kuma ba lallai ya yi sallama ba. Wani kamfanin ajiya a Amurka, Backblaze, yana wallafa lissafin faya-fayansa tun 2013, kuma a 'yan shekarun nan abin da ke mutuwa a shekara yana tsakanin 1 da 2 cikin 100. Wannan fa a ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya ke nan. Su ba ya damunsu, don kowane abu suna da shi a wurare da yawa. Kai ma sai ka yi yadda kake yi da iri, wanda ba ka zuba shi duka a rumbu ɗaya saboda gobara da gara. Faifai biyu za ka saya, abin da ke wannan yana wancan, ɗaya a gidanka, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa, ana ɗauko shi duk bayan wata biyu ko uku a ƙara masa sabon abu a ga ko yana tashi. Idan za ka yi lissafin arahar, da kuɗin biyu za ka yi, ka haɗa da akwati da adafta da batir. Kwato bayanai daga mataccen faifai kuwa aiki ne na ƙwararru, kuɗinsa kan ninka na faifan, kuma ba kullum ake dacewa ba.

Ni dai da na duba abin da ka lissafa a wasiƙarka, Malam, ban ga abin da zai kai ka ga mai tera 12 ba. Tera ɗaya giga dubu ce. Tana ɗaukar hoton waya wajen 250,000, ko karatu na murya fiye da awa 16,000. Ƙananan faya-fayan nan masu tera 1 ko 2, waɗanda ke tashi da igiyar USB kaɗai ba ruwansu da soket, guda biyu za su ishe ka shekaru, kuma babu fargabar janareta. Babban faifan kamfani na mai ɗaukar bidiyon biki ne, ko mai shago irin ɗanka da kaya ke taruwa masa kullum. Shi in yana da sola, ya kuma iya duba haƙoran nan, ribarsa ce.

Takardun gona da lissafin bashi kuwa, waɗannan ba su da nauyi. Duk mai adireshin Gmail yana da giga 15 kyauta a wurin Google, sai ɗanka ya ɗora maka su can a matsayin ajiya ta uku, ka kuma riƙe kalmar sirrin da kanka. Asalin takardar kuma ta ci gaba da zama a akwati cikin leda, domin ranar da aka je gaban mai unguwa ko alƙali ita za a fara nema.

Da fatan an gamsu. A gaida mutanen Funtuwa, Allah ya ba da kasuwa. Sauran wasiƙunku suna nan a jaka, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.