Gwajin Jinin Tunjere: Yaushe Ya Kamata A Yi?



Maganar da zan yi tana da nauyin faɗa, amma a gafarce ni, domin in aka ɓoye ciwo, shi ba ya ɓoye mutum. Maganar tunjere ce.

Wannan ciwo mai wayo ne. Kamar mako 3 bayan an ɗauka ta hanyar saduwa, sai wani ɗan gyambo ya fito a al'aura ko a baki, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Bayan 'yan makonni ya bushe da kansa, mutum ya ce ai ya warke. Ina! Ya dai koma cikin jini ne. Wani kan ga ƙuraje a tafin hannu da na ƙafa, su ma su wuce. Bayan shekaru ya taɓa zuciya, ko ido, ko ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi ta da hankali shi ne mai ciki. Ciwon yana wucewa ga jariri, a yi ɓari, ko a haife shi ba rai. Mu kuma a gida sai mu ce wabi ne, a yi ta neman rubutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 ciwon ya wuce daga uwa zuwa jariri har sau wajen 700,000 a duniya.

To, yaushe za a yi gwajin? Mai ciki, ranar farko da ta je awo. Masu shirin aure, kafin a sa rana. Wanda ya ga gyambon da na faɗa, nan take. Wanda yake zargin ya ɗauka, ya yi gwaji, in bai nuna ba ya sake bayan wata 3, don jini ba ya nunawa da wuri.

Magani kuwa yana nan tun 1943: allurar fenisilin. In da wuri ne, guda 1 ta isa. In ya daɗe, guda 3, mako-mako. Amma a yi wa maigida da matansa duka, in ba haka ba an yi aikin baban giwa. Kuma don Allah a bar sayen kafso a kemis.

Mu da muka bar iyali a Azare, ko Cinade, ko Madara, in an je gida Sallah a kai su asibitin tarayya na Azare, mu ma mu miƙa hannunmu a ɗibi jinin.

Allah Ya ba mu lafiya da zuri'a ɗayyiba.