Tsohuwar mota da takardar asiransi: jawabi a zaman matasa na Maraɗi

Ƴan uwa matasa, na gode da kunka ba ni wannan lokaci. An ce in yi magana kan asiransin mota, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce ma inshora, musamman ga mu masu tsofaffin motoci ƴan Kwatano. Bari in fara da abin da ya same ni.

Motata Toyota Carina E ce, ƙirar 1996, ta girmi da yawa daga cikinku. Shekara 3 da sunka wuce asiransina ya ƙare, aljihu ba nauyi, sai wani dillali da ke zama bakin tasha ya ce zai yi min na shekara a rabin kuɗin da na saba biya. Takarda ta zo da hatimi, har da ƴar ƙaramar da ake mannawa a gilashin gaba. Wata 7 ina wuce shingen jandarma da ita, ba wanda ya ce uffan. Ranar da na bugi wani ɗan kabu-kabu a hanyar Tibiri, ƙafarshi ta karye, anka yi konsta, sai na tafi kamfanin da sunansa ke bisa takardar. Matar ta buga lambar a inji, ta ɗago kai ta ce: "Malam, wannan lamba ba tamu ba ce." Kuɗin likita, gyaran babur, cefanen gidan yaron na wata 3, duka daga aljihuna, jika 400 da ɗoriya. Dillalin kuwa ko ƙeyarshi ban sake gani ba.

To, mi doka ta ce? Nijar na cikin ƙasashe 14 da ke bin dokar asiransi guda, wadda ake kira CIMA, da anka sa ma hannu a Yawunde a 1992. Abin da ta wajabta shi ne asiransin da ke biyan ɓarnar da ka yi ma wani: mai tafiya a ƙasa, mai babur, motar wani, har fasinjan da ka ɗauko. Kuma dokar ta ce akwai mafi ƙanƙancin farashi da kamfani ba ya da izinin sauka ƙasa da shi. Da na san wannan, da jin "rabin kuɗi" kawai ya isa in juya baya.

Farashin nan kuma ba ya raguwa don mota ta tsufa. Tsohuwar mota na karya ƙafa daidai da sabuwa. Abin da ake dubawa shi ne dawakin injin da ke rubuce a kart giriz, esansi take sha ko gazuwal, da aikin da kake yi da ita. Nan ne wasu ke yin wayo, su rubuta motar gida alhali lodin fasinja suke zuwa Dan Isa. Ranar haɗari kamfani na da hurumin soke yarjejeniyar saboda ƙaryar, ka ga an yi ba a yi ba.

Ragin gaskiya yana wajen abubuwan da ake ƙarawa bisa na dole: sata, gobara, fashewar gilashi, da babban nasu, "tu risk", mai gyara taka motar. In mota ta yi raga-raga, darajarta a kasuwa ranar haɗarin za su biya, ba kuɗin da ka saye ta ba. Ga Carina irin tawa, ban ga ribarsa ba. Ku ce a rubuto muku farashin dalla-dalla, ku soke abin da ba ku so, ku zagaya kamfani 2 ko 3 ku gwada. Abu guda da ni ba na sokewa shi ne na direba, don asiransin dole bai san da kai mai tuƙi ba. Ka ji rauni, kai da Allahnka.

Na wata 1 ko wata 3 yana da sauƙin fitarwa, na sani, amma in ka tara na shekara ya fi tsada, ga mantuwa ranar da ya ƙare. Kuma tun 2011 ƙa'idar ita ce sai kuɗi sun shiga asiransi ke fara aiki, saboda haka "kawo rabi, sauran ƙarshen wata" ba kariya ba ce. Ku biya a ofis, ku karɓi rasi mai sunan kamfani. In ta hannun dillali ne, ku taka da ƙafarku a duba muku lambar tun ranar. In haɗari ya auku, Allah ya kiyaye, kada ku wuce kwana 5 ba ku sanar da kamfani ba.

Na zo da takardun biyu, ta jabun da ta gasken. Ga su nan, a miƙa baya kowa ya gani, ku gaya min in kun iya bambanta su. Sai mu shiga tambayoyi.