SHAƘUWA: ABIN DA KE KAWO TA DA YADDA AKE MAGANCE TA

Wannan jawabi ne na wani jami'in kiwon lafiya ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo.



Babu gidan da ba a san shaƙuwa ba. Tana kama yaro, tana kama babba, har ɗan da ke cikin ciki yana yin ta.

A jikin ɗan Adam akwai wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki. Shi ke sauka yana hawa idan ana numfashi. In wani abu ya dame shi sai ya zabura, iska ta faɗa da ƙarfi, ƙofar maƙogwaro ta rufe nan take. Ƙarar rufewar nan ita ce shaƙuwa.

Abin da ya fi kawo ta shi ne cin abinci da gaggawa. Manomi ya wuni a fadamar shinkafa ta Wurno, ko a gonar albasa kusa da madatsar ruwa ta Goronyo, ya dawo da yunwa, ya auka wa tuwo mai zafi, ya bi shi da ruwan randa. To, shaƙuwa ta samu ƙofa. Haka yake faruwa wajen buɗa-baki da azumi. Yawan yaji, lemon kwalba, shan taba da cika ciki fiye da kima duk suna tayar da ita.

Irin wannan takan tafi da kanta cikin 'yan mintoci. Wanda ta dama yana iya gwada waɗannan:

1. Ya ja numfashi ya riƙe kamar ƙirgen goma, sannan ya sake a hankali.
2. Ya kurɓi ruwan sanyi mai tsabta kaɗan-kaɗan.
3. Ya haɗiye ƙaramin cokali ɗaya na sukari, in ba ya da ciwon suga.
4. Ya zauna ya jawo gwiwoyinsa zuwa ƙirji na ɗan lokaci.

Kada a rufe wa kowa fuska da leda, kuma kada a razana tsoho ko mai ciwon zuciya da sunan magani.

Iyaye mata, ku saurara da kyau. Jariri yakan yi shaƙuwa bayan shan nono saboda iskar da ya haɗiya. A ɗora shi a kafaɗa, a shafa bayansa har ya yi gyatsa. Zaren da kakanni ke liƙa masa a goshi ba ya cutarwa, amma ba shi ne maganin ba. Abin gudu shi ne ɗura masa ruwa ko jiƙo. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi, ruwan da ba shi da tsabta kuwa yana jawo masa zawo. Zuma ma ba a ba yaro sai ya cika shekara 1.

Akwai kuma shaƙuwar da ba ta wasa ba ce. In ta wuce kwana 2, ko ta hana ci da barci, to ta zama 'yar aike. Tana iya nuna ciwon ƙoda, ko gyambon ciki, ko ciwon suga, ko shanyewar ɓarin jiki, musamman ga dattawa. A ƙasar Amurka an yi wani manomi, Charles Osborne, wanda ya yi ta fama da ita daga 1922 har 1990, shekara 68.

Saboda haka kada a zauna ana ta gwada jiƙe-jiƙe. A kai mara lafiya babban asibitin Wurno, ko na Rabah, ko na Goronyo. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. In kuwa ta zo tare da ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, to kada a jira ko da gari ya waye.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa na gida. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.