Yadda Za Ki Gane Kyanwarki Ta Yarda Da Ke

 Yau zancenmu a kan kyanwa ne, wadda kike wuni da ita a tsakar gida tana tsare miki hatsi daga ɓarnar ɓera. Wasu na cewa mage ba ta san mai ita ba. Ta sani sarai, sai dai da jikinta take magana.

Ki fara duba wutsiya. In ta taho wurinki da wutsiya a miƙe sama, gaisuwa ce. In ta goga miki kumatu a ƙafa, wani ƙamshi ne na jikinta take shafa miki wanda hancinmu ba ya ji, wato ta sa ki cikin nata. Sai ido. In ta kalle ki ta lumshe a hankali, hankalinta a kwance yake. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Sussex da ke Ingila sun gano cewa in mutum ya lumshe wa kyanwa ido haka, takan mayar masa, har ta fi saurin matsowa kusa. Ki gwada yau ki gani.

In ta hau cinyarki tana tattaka ki da ƙafafun gaba, haka take yi wa uwarta lokacin shan nono. In kuwa ta baje ta nuna miki ciki, yarda ce babba, amma fa ba cewa ta yi ki taɓa ba. A nan yara suke shan yakushi. Don Allah ki koya musu: in kunnuwanta suka kwanta baya, wutsiya na kaɗawa da ƙarfi, a ƙyale ta. Ba kowace ce kyanwar Lami ba.

In an samu cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a garzaya asibiti, domin kyanwa ma kan ɗauki ciwon haukan kare. Sannan in wadda ta saba da ke ta fara ɓuya, ta ƙi abinci, kada ki ce fushi take. Wataƙila ciwo ne, ki sa maigida ya kai ta wurin likitan dabbobi.

Ki ba ta ci da sha, ban da duka, za ki ga amana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.