Cutar da Ba Mu Raɗa wa Suna ba: Dusashewar Cibiyar Gani ga Tsofaffi



Watakila wani ya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da ciwon ido? Amsar ita ce suna. Bahaushe bai cika neman maganin abin da bai raɗa wa suna ba. Muna da yana, da hakiya, da dundumi, da amosanin ido, kuma a zamanin nan mun ƙirƙiro hawan jinin ido. Ko wanne daga cikinsu in an ambata, an san inda aka dosa. Amma akwai wata cuta da ke kama mutum bayan ya haura shekara 50, wadda in ta zo sai mu ce, "Ai tsufa ne," mu yi shiru. Ita ce batun laccarmu ta yau, kuma ina ba da shawarar mu kira ta dusashewar cibiyar gani.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai karɓar haske. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri da faɗinsa bai kai milimita 6 ba, wanda likitoci ke kira makula. Shi ne cibiyar gani. Da shi muke karanta Alƙur'ani da jarida, da shi ake zura zare a allura, da shi ake shaida fuskar mai sallama. Idan ya lalace, sauran tantanin yana nan lafiya. Saboda haka mai cutar yakan ga gefe da gefe, ya tafi masallaci ba ɗan jagora, amma abin da ya ƙura wa ido shi ne ba ya gani. Wannan ne ke sa iyali su yi zaton dattijo raki yake yi, ko kuwa ya daina kula mutane.

Cutar iri biyu ce. Akwai busasshiya, wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba, tana cin gani a hankali cikin shekaru. Akwai kuma mai tsiyaya, watau wadda wasu raunanan jijiyoyin jini ke tsirowa a ƙarƙashin cibiyar, su riƙa yoyon ruwa da jini. Ita wannan takan lalata gani cikin 'yan makonni ko watanni.

Ya kamata mu ajiye cutar a matsayinta. Wani kiyasi da aka buga a 1914 da ɗari a kai, watau 2014, ya nuna masu ita a duniya za su kai miliyan 196 a 2020, kuma ta fi kama Turawa fiye da baƙar fata. A nan Nijeriya, binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce kan gaba, sai hawan jinin ido. Ashe ke nan da yawa daga cikin dattawan da muke cewa tsufa ya ci idonsu, yana ce gare su, wadda ake cirewa da ɗan gajeren aiki. Kalmar "tsufa" ta rufe cututtuka da dama, masu magani da marasa magani, kuma likitan ido kaɗai ke iya rarrabe su. Rashin sani ya fi dare duhu.

To, yaya mutum zai gane alama? Wani likitan ido ɗan ƙasar Suwizalan, Marc Amsler, ya fito da wata takarda mai layuka a tsaye da a kwance, da ɗigo a tsakiya. Takardar lissafin 'yan makaranta mai gidaje ma ta isa. A rufe ido ɗaya, a dubi tsakiya, sa'an nan a canja ido. In layuka sun lanƙwashe, ko wani wuri ya ɓace, ko bakin ƙofa ya zama kamar ya karkace, kada a jira. Rufe ido ɗaya yana da muhimmanci, domin lafiyayyen ido yakan rufa wa ɗan'uwansa asiri har sai ɓarna ta yi nisa.

Game da magani, mai tsiyaya tana da allura da ake yi a cikin ido. An amince da Lucentis a Amurka a 2006, kuma likitoci da yawa suna amfani da Avastin domin ya fi araha. Allurar tana tsayar da ɓarna, amma sai an maimaita ta, kuma ba ta raya abin da ya riga ya mutu. Busasshiya ba ta warkewa, sai dai sakamakon wani babban bincike a Amurka a 2001 ya nuna wasu ƙwayoyin bitamin da zinki suna rage haɗarin tsanantarta da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ga waɗanda cutarsu ta kai matsakaicin mataki. Abin da ke hannunmu kuwa shi ne barin taba, domin ita ce babban sanadin da mutum ke iya kauce wa, da kula da hawan jini, da cin ganye irin su zogale da alayyafo, da ƙwai da kifi. Wanda ganinsa ya riga ya ragu, madubin ƙara girman rubutu, da haske mai kyau, da Mus'hafi mai manyan baƙaƙe suna mayar masa da karatunsa.

Ga ma'aikatan gwamnati da ke nan, ina roƙon abu ɗaya. Dattijon da ke ƙauyen Bunguɗu ko Tsafe sai ya zo Gusau, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura, in ta kama kuma a tura shi Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko Kano. Ga kuɗin mota, ga halin da hanyoyinmu ke ciki. Ba zai yi wannan tafiya ba sai wani na kusa ya gaya masa ta zama dole. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe su ne za su zauna a ɗakunan shan magani na karkara. A koya musu wannan gwaji, a ba su takardar da bayaninta cikin Hausa, da boko da ajami.

Ku kuma ɗalibai, in kun je gida hutu, ku gwada iyayenku da kakanninku, ido ɗaya bayan ɗaya. In kun ga alama, ku kira cutar da sunanta, ku kai su asibiti.