Tarihin Ƙaramin Jirgin Ƙasa Na Zariya Zuwa Jos

Jawabin yau a kan wani jirgin ƙasa ne wanda yawancin masu sauraro ba su taɓa gani ba. Ya yi aiki shekara 45, sannan aka rufe shi, aka cire dogonsa. Turawa sun sa masa suna Bauchi Light Railway, wato ƙaramin jirgin ƙasa na Bauci. Ya tashi daga Zariya, ya bi ta Jos, ya tsaya a Bukuru. Ku saurara da kyau, domin labarinsa ya shafi duk mutumin da ke zaune a bakin hanya.

Me ya sa aka shimfiɗa shi?

Amsar kalma ɗaya ce: kuza. Kuza ita ce baƙin yashin nan mai nauyi da ake narkawa a sami dalma. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Liruwai sun iya haƙo ta da narka ta. Da Turawa suka ci ƙasar Arewa, sai suka bi sawun dalmar har suka gano tana da yawa a duwatsun Jos. Wajen shekarar 1910 kamfanoni suka yi ta kwararowa daga Ingila.

Amma akwai matsala babba. Babu hanyar mota, babu dogo. 'Yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka, su yi kwana da kwanaki suna tafiya a ƙasa har Loko, a bakin kogin Binuwai. Daga can a zuba ta a jirgin ruwa. Wahala ta yi yawa, kuɗin dako ya yi tsada, manyan injuna kuma ba su ɗaukuwa a ka.

A shekarar 1911 babban dogo ya iso Zariya, ya wuce Kano. Sai kamfanonin kuza suka matsa wa gwamnati lamba ta yi musu reshe zuwa wurin haƙarsu. Gwamnati ta yarda, amma ta zaɓi mai araha.

Yadda aka yi aikin

Babban dogo faɗinsa ƙafa uku da rabi ne. Wannan kuwa aka yi shi ƙafa biyu da rabi. Saboda haka kan jirgin ƙarami ne, taragansa ma ƙanana. Wasu daga kayan aikin ma ba sababbi ba ne. An kwaso su daga wani ɗan gajeren dogo da aka daina amfani da shi a wajen Zungeru da Wushishi.

An fara aiki daga Zariya a 1911. A 1912 jirgi ya fara zuwa Rahama. Daga nan aka ci gaba zuwa Jengre, aka hau tudu. A 1914 ya isa Jos da Bukuru. Tsawonsa duka mil 143 ne, wato kusan kilomita 230.

Kada a manta da waɗanda suka yi aikin da hannunsu. Talakawan ƙauyuka ne suka sare daji, suka haƙa ƙasa da diga da shebur, suka ɗauke ta a kwando. A zamanin nan gwamnati kan umarci sarakuna da hakimai su kawo mutane, ko suna so ko ba sa so. Da yawa sun baro gonakinsu ba da son ransu ba.

Wani zai ce, to ina Bauci a cikin labarin? Gaskiya jirgin bai taɓa zuwa garin Bauci ba. An sa masa sunan ne domin a lokacin ƙasar Jos tana cikin Lardin Bauci. Sai a 1926 aka yanke Lardin Filato.

Amfanin da ya yi

Jirgin kan gangaro da kuza zuwa Zariya, ya koma da injuna da kayan kanti da ma'aikata. Ya ratsa Soba, da Dutsen Wai, da Kudaru, da Rahama, da Jengre. Ko da yake ba domin mutanen waɗannan garuruwa aka yi shi ba, sun ci moriyarsa. Dubban leburorin kuza suna bukatar abinci, saboda haka manomi ya sami inda zai kai hatsinsa. Fatake suka rage tafiyar ƙasa. Masu talla suka sami ciniki a tasha. Jos kuwa, wadda a da ƙaramin wuri ce, ta cika ta batse da baƙi daga ko'ina.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aikin ya ƙaru. A 1942 Japan ta kama ƙasar Malaya, inda Ingila ke samun yawancin dalmarta. Sai gwamnati ta shiga ɗibar mutane daga larduna, ana kai su haƙar kuza a kan tilas. Da yawa sun sha wuya saboda sanyin Jos da ƙarancin abinci, wasu ba su komo gida ba.

Abin da ya kashe shi

Abu uku ne suka taru a kansa.

Na farko, ƙanƙantarsa. Taragunsa ba sa hawa babban dogo. Duk kayan da ya kawo Zariya sai an sauke, an sake lodawa a babban jirgi. Wannan aiki biyu ne, kuɗi biyu. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Na biyu, ya sami kishiya. A 1927 aka jawo babban dogo daga Kafancan zuwa Jos. Yanzu kuza na iya tafiya kai tsaye har bakin teku a Fatakwal, ba saukewa a hanya. Kwal ɗin Inugu ma ya riƙa zuwa kai tsaye. Guntun da ke tsakanin Bukuru da Jos aka mayar da shi babban dogo. Tun daga ranar kamfanonin da suka roƙi a yi ƙaramin jirgi suka juya masa baya.

Na uku, motoci. Da aka gyara hanyoyi, sai manyan motoci suka kwashe fasinja da kayan gona, domin sun fi shi sauri.

Duk da haka ya ƙara shekara 30 yana lallaɓawa. A ƙarshen watan Satumba na 1957 Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta rufe shi. Garin Bauci kuwa sai a 1961 ya ga jirgi, ta wani dogon dabam wanda ya isa Maiduguri a 1964.

Darasin da ke ciki

Wannan dogo an yi shi ne domin kuza ta fita. Da kuza ta sami wata hanya, ba wanda ya tambayi manomin Soba ko na Rahama ra'ayinsa. Saboda haka idan aka ce za a kawo hanya ko gada yankinku, ku yi tambaya tun da wuri. Domin wa za a yi ta? Za ta bi ta kasuwarku da asibitinku? Wa zai gyara ta idan masu kaya sun tashi? Hanyar da jama'ar gari suka sa baki a kanta, ita suke kula da ita.

Wanda ya je Jos yana iya ganin tsofaffin kawunan jirgin a wajen gidan tarihi. Mutanen garuruwan da ya ratsa kuma, ku nemi dattawan da suka shige shi suna yara. Sun ragu ƙwarai. Ku tambaye su inda tasha take, da abin da ake lodawa, da yadda garin ya zama bayan an cire dogo. Ku gaya wa 'ya'yanku abin da kuka ji.

A huta lafiya.